Da Ɗaliban Jarida a Hanyar Kumasi

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka koma aji, ɗalibaina na shekarar ƙarshe sun dawo da gajiyar zaman gida, ni kuma na dawo da wata damuwa da ta daɗe tana cina. Yaran nan sun haddace tambayoyi shida da ake gina labari a kansu, sun san sunayen Turawan da suka yi nazarin tasirin rediyo da jarida, kuma kowannensu zai iya cika takarda huɗu a jarrabawa kan 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma da na tambayi wanda ya taɓa tsayar da mutumin da bai sani ba, ya yi hira da shi har ya samu abin bugawa, hannuwan da suka tashi ba su da yawa. Gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Duk sun san da maganar, wasu har sun yi rubutu a kanta, amma babu wanda ya taka zuwa makarantar unguwarsu ya ƙirga kujeru.

Ba lalaci ba ne. A gida mutum gani yake ya riga ya sani, ga kuma kunyar tambayar wanda ya girme shi, ga tsoron a ce ɗan wane ya cika shisshigi. Baƙo kuwa ba ya jin nauyin tambaya, domin in bai tambaya ba ko masauki ba zai gane ba. Wannan ne ya sa na ƙudurta fitar da su daga ƙasar gaba ɗaya, zuwa inda komai zai zame musu sabo, in ɗora musu tambaya guda: shirin sakandare kyauta da Gana ta fara a Satumban 2017, me ya sauya a cikin gidan talakan zango?

Kuɗin tafiya daga adashe ya fito, da gudunmawar tsofaffin ɗalibai, da abin da iyaye suka iya. Akwai waɗanda aka bari a baya saboda ko kuɗin fasfo ya gagare su, kuma cikinsu akwai masu kaifin alƙalami fiye da wasu da suka samu zuwa. Wannan ya tsaya mini a rai tun daga tashar Kano har muka dawo.

A cikin hunturu muka tashi. Kano zuwa Legas ba sabon abu ba ne ga yawancinsu, aikin ya fara ne daga Badagiri. Kafin mu isa iyakar Seme na ce kowa ya fito da littafinsa ya ja layi biyu a kowane shafi, ya zama gida uku: abin da na gani da idona, abin da aka gaya mini, abin da na karanta a takarda. Duk jimlar da ba ta da gida a cikin ukun nan, ba ta da gurbi a labari. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90, wannan sun karanta a takarda. Abin da suka gani da ido shi ne layi, da katin rigakafin shawara, da na korona wanda a lokacin ake nema, da 'yan canji masu dam ɗin sefa a hannu suna kiran farashi da Hausa da Yarbanci da Faransanci. A wani shinge can gaba, wani mai kaki ya riƙe takardun ɗaya daga cikin yaran yana neman na goro. Muka tsaya muka yi haƙuri har ya gaji ya sake su. Da muka koma mota yaron ya rubuta cewa duk jami'an hanyar nan 'yan rashawa ne. Na tambaye shi nawa ya gani. Ya ce ɗaya. Na ce to ɗaya zai rubuta, da wurin, da lokacin, da abin da mutumin ya faɗa.

Kwatano ta wuce mana da rigunan 'yan acaɓanta ruwan ɗorawa, sai Wida, sai hanyar da ke bin bakin teku tsakanin bishiyoyin kwakwa. A iyakar Togo aka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Gaɓar Togo duka ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, kuma birnin Lome jingine yake da iyakar Aflawo, kana fita daga kasuwa kana shiga Gana. Muka haye kogin Bolta a gadar Sogakofe, muka bi ta Tema, muka shiga Akra bayan isha'i da kuɗi iri uku a aljihu.

A unguwar Nima muka sauka. Da asuba kiran salla ya tashe mu ta ko'ina, da gari ya waye kuma ga mai koko da ƙosai a bakin layi tana ciniki da Hausa. Nan take na ga kafaɗun yaran sun sauka, suka fara cewa ai gida muka zo. Na ja musu kunne. Zangon Gana yana da tarihinsa da ba na Kano ba. Fataken goro ne suka fara bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, kuma da yaƙin 1892 ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu zuwa Karaci da Kumasi da Akra. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Karaci a 1934, yana cikin waɗanda suka baro ta. Yau mai magana da Hausa a Nima yana iya zama Badagombe ko Bazabarme ko Bamoshi ko Bakotokoli, kakansa bai taɓa ganin Dala ba. Wani dattijo da muka gaisa da shi a ƙofar masallaci ya ba su labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su bar ƙasar, ya ga maƙwabtansa suna sayar da gado da tukwane a kan titi. Yaran sun san korar 'yan Gana daga Nijeriya a 1983, amma ba su taɓa jin ta 1969 ba. Suka yi shiru, alƙaluma suka kama aiki.

Kwanakin Akra na takarda ne. Na raba su, wasu suka tafi karanta tsofaffin kofen jaridar Daily Graphic, wasu suka zauna da wani mai bincike kan kasafin ilimi, wasu kuma suka ziyarci gidan rediyon Marhaba da ke watsa shiri da Hausa. Da daddare muka haɗa abin da aka samo. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce a mayar da ilimin sakandare kyauta sannu a hankali. Nana Akufo-Addo ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin yin sa gaba ɗaya, kuma da ya hau mulki a 2017 ya cika. Gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta da na jarrabawa da littattafai, ta ɗauke kwana da abincin 'yan kwana, 'yan jeka-ka-dawo kuma aka yi musu alkawarin abinci mai zafi sau ɗaya a rana. Wani ɓangare na kuɗin daga ribar man fetur yake fitowa. Ɗaliban babbar sakandare da suke sama da 800,000 a 2016 sun haura miliyan 1.2 cikin 'yan shekaru. Azuzuwa da ɗakunan kwana ba su ƙaru da wannan saurin ba, shi ya sa a 2018 aka shigo da karatun karɓa-karɓa a makarantu kimanin 400, aka raba yara rukunin kore da rukunin zinariya, in waɗannan suna aji waɗancan suna gida. Mu kuma mun iso a mummunan lokaci ga aljihun ƙasar. Hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamban 2022, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, tana jiran rancen dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya.

Taron dare shi ne ajin gaske. Muna zama a tabarma a barandar masauki, kowa ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, sauran su tsayar da shi a duk inda suka ga rami. Wa ya faɗa? Ka gani ko an gaya maka? Wa kuma ya tabbatar? A daren farko wata ɗaliba 'yar Haɗeja ta kawo hirarta da wata mai sayar da atamfa, wadda ta ce ta kashe miliyoyi wajen sayen kayan shiga makarantar ɗanta. Wani ɗan Zariya ya buga lissafi a wayarsa ya ce in haka ne kuɗin ya isa sayen gida. Aka yi ta gardama, har na ce ta koma da safe ta sake tambaya. Ashe tsohon lissafi matar take yi. A 2007 Gana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma har yau mutanen kasuwa da dama in sun ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi. Da an buga labarin yadda ya zo a daren, da an ninka wahalar matar sau dubu goma, kuma duk ɗan Gana da ya karanta zai san baƙo ne ya rubuta bai bincika ba. Na sha faɗa a aji cewa a riƙa tantance adadi. Ban taɓa ganin maganar ta shiga kamar yadda ta shiga a wannan safiyar ba, da yarinyar ta dawo tana haki da littafinta a buɗe.

Yaran sun so su ga inda aka kashe ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale, don haka muka shiga motar haya ta tiroto zuwa unguwar Madina. Yana cikin tawagar Anas Aremeyaw Anas da ta yi fim ɗin Number 12 a 2018, wanda ya tona cin hanci a ƙwallon ƙafar Gana har shugaban hukumar, Kwesi Nyantakyi, ya sauka. Ranar 16 ga Janairu 2019 wasu mutane a kan babur suka harbe shi a cikin motarsa kusa da gida. Wannan a ƙasar da ta soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna tun 2001, wadda ake buga misali da ita a yankin. Kusan duk ɗalibin jarida da na sani yana mafarkin zama Anas, da hula mai duwatsun ado da ke rufe fuska da ɓoyayyiyar kyamara a aljihu. Ina girmama jarumtar mutanen nan. Amma na gaya musu a wurin cewa ɓoyayyiyar kyamara makami ne na ƙarshe, na wanda ya gwada kowace ƙofa ya tarar a rufe, kuma yana da edita da lauya a bayansa. Wanda bai iya shiga da sallama ba, ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi, ya fito da gaskiya, bai kai ga wancan matakin ba tukuna.

Daga Akra zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne, ta Nsawam da Nkoko, daji kore shar ko a cikin hunturu. Muka sauka a Aboabo. Kafin komai muka kai gaisuwa ga shugabannin unguwa da limamin masallacin da ke kusa, muka bayyana ko mu su wane ne. Wasu daga cikin yaran sun ga ɓata lokaci ne. Washegari da ƙofofin gidaje suka riƙa buɗe musu, suka gane amfaninsa.

Makarantar da muka samu izinin shiga babba ce, mai 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo. Shugabanta ya karɓe mu da mutunci, ya duba wasiƙarmu, ya ce a kashe rikoda. Duk tambayar da ta shafi kuɗi ko abinci sai ya ce a tuntuɓi ofishin ilimi na yanki. Yaran suka fito ransu a ɓace, suna cewa ɓoye-ɓoye yake yi. Na tuna musu abin da suka karanta a Akra, cewa tun a watan farko na shirin an hukunta wasu shugabannin makarantu kan karɓar kuɗin da ba a amince da shi ba, kuma a tsakiyar 2022 ƙungiyar shugabannin ta fito a jaridu tana kukan ƙarancin abinci. Mutum mai iyali da ke jiran fansho yana da dalilin taka-tsantsan. Aikinku ba zaginsa ba ne, ku rubuta cewa ya ƙi magana kan kaza da kaza, sannan ku nemi wata ƙofar.

Wata ƙofar tana bayan kicin. Ɗalibai mata biyu suka zauna da uwar kicin suna taya ta tsince wake, hira ta yi hira. Ta bayyana musu cewa yawancin kayan abinci daga sama ake sayo su ta hannun 'yan kwangila, makaranta kuma a ba ta ɗan kuɗin cefanen kayan miya. In mota ta makara, sai a yi ta juya abin da ke cikin sito, yau wake da garin rogo, gobe ma haka. Ta buɗe musu littafin sito suka ga ranakun da kaya suka shigo da ranakun da shafi yake fari. Sun nemi izininta kafin su kwafa, sun kuma yi mata alkawarin ba za a ambaci sunanta ko na makarantar ba. A ɗakin kwana suka ƙirga gadaje masu hawa uku, suka ga akwatunan katako jere a gindin bango, kowane da kwado, cike da garin rogo da sukari da madarar gwangwani da yajin shito da iyaye suka haɗo. Wani malamin kimiyya da samarin suka tare a teburin mai shayi bayan an tashi ya ce musu fasalin kore da zinariya ya sauya, yanzu aji-aji ake karɓa-karɓa, amma shi malami ɗaya ne, in wannan rukuni ya tafi hutu wancan ya shigo, shekara ta zagayo bai huta ba.

Hirar da ta fi tsaya mini ita ce ta wata mai koko a Sawaba. 'Yar Haɗejar nan ce ta samo ta, ta ce in zo in ji da kunnena. Muka zauna a benci a ƙofar ɗakinta bayan ta sauke tukunya.

"Inna, kafin a fara shirin nan yaya kuke yi?" in ji yarinyar.

Matar ba ta amsa ba, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata takarda a cikin leda. Takardar gurbin sakandare ce ta babban ɗanta, wanda ya ci jarrabawar ƙaramar sakandare kafin 2017, kwamfutar gwamnati ta ba shi makaranta mai kyau, kuɗin shiga ya gagara. Yanzu yana gyaran babur a Asawase. Ƙanwarsa kuwa ta faɗo cikin shirin, tana aji biyu tana karatun kimiyya, tana son aikin jinya.

"'Yata, kin ga takardar nan? Ban yar da ita ba don in riƙa tunawa," in ji ta. "Duk wanda ya ce miki abin nan bai yi amfani ba, ki turo shi wurina."

Amma ba ta tsaya nan ba. Ta lissafa abin da ta saya kafin yarinyar ta shiga, katifa da akwatin ƙarfe da na katako da bokiti da takalma da tsintsiya, har sai da ta ci bashin adashe. Ta ce a lokacin da muke maganar yarinyar tana gida hutun karɓa-karɓa mai tsawo, 'ya'yan masu hali suna zuwa lasin na kuɗi, tata kuwa tana taya ta dama koko. In an koma, jarrabawa ɗaya za su zauna.

A daren nan taro ya yi zafi. Ɗan Zariya ya ce kanun labarin shi ne shirin ya gaza, tunda ga yunwa ga cunkoso ga malamai a gajiye. Wata ta ce ya je ya faɗa wa mai koko haka. Na bar su suka yi ta yi, domin abin da na kawo su su gani ke nan: duka biyun a ɗaki ɗaya suke zaune, a bakin mace ɗaya. Sai wani ya kawo maganar da ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya taɓa yi a 2018, cewa mai hali irinsa ya kamata ya biya wa 'ya'yansa. Ni ma ra'ayina ya karkata can. Ban ga hikimar gwamnatin da ke fama da bashi ta ciyar da ɗan attajiri sau uku a rana ba, alhali firamaren ƙauye tana ƙarƙashin bishiya. Amma da aka koma wa mai koko da wannan tambayar, ta ce ranar da aka ce sai ka kawo takardar shaidar talauci, ranar ɗan zango zai koma baya, domin masu hanya ne za su fara samun takardar. Ban da amsar da ta fi tata ƙarfi, kuma na ce a sa ta a labarin yadda ta faɗa. Ko John Mahama da ya karɓi mulkin Gana a Janairun 2025 ya yi alkawarin riƙe shirin da kawo ƙarshen karɓa-karɓa, wato babu jam'iyyar da ke da ƙarfin halin janye shi yanzu.

Wani abu da ya ɗauki hankalin samarin shi ne makarantun Islamiyya na zango. Tun 1987 hukumar ilimin Gana take da sashe na musamman da ke kula da su. Makaranta tana hannun mai ita da al'umma, gwamnati ta turo malaman boko ta biya su, yaro ya yi Alƙur'ani da Larabci da lissafi da Turanci a rufi ɗaya. Masu koyar da Larabcin sun yi mana kukan alawus da ba ya zuwa a kan kari. Duk da haka wani ɗalibina da ya yi allo a tsangaya kafin ya shiga boko ya cika shafuka da tambayoyin da ya ce zai kai gida.

A hanyar dawowa tunanina ya koma kan namu gyaran. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba digirin aikin jarida gida bakwai, aikin jarida daban, rediyo da talabijin daban, talla daban, hulɗa da jama'a daban, fim daban, da sauransu. A Disamban 2022 kuma ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ta riƙe kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Na yi maraba da duka biyun. Tsorona shi ne a sauya sunan kwas a allon sanarwa, a bar ɗalibi a kujerar da yake yana kwafar bayanin malami. Horon aiki da suke kira ai-ti, wanda aka kafa tun 1973, sau da yawa yakan ƙare a zaman benci da aiken sayo abinci. Makarantar jarida ta Jami'ar Mizuri a Amurka tun 1908 ta kafu a kan cewa ɗalibi ya koya da yi, a jaridar gaske da mutanen gari ke saye. Jami'ar Niyok tana da cibiya a Akra, Jami'ar Oregon kuma takan kawo ɗalibanta su yi aiki a gidajen jaridun birnin. Su sai sun keto teku da biza da tafinta. Mu muna da hanyar mota, da yarjejeniyar shige da fice, da harshen da ake ciniki da shi daga Agadas zuwa Kumasi, daga Garwa zuwa Injamena, amma muna zaune. Kuma ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya bi tawagar editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta wa Hausawa abin da ya gani a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Ba sai an je Landan ba, ba ma sai an je Kumasi ba. Daga Katsina ta Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar hantsi ce, haka daga Kano ta Daura zuwa Damagaram, kuma duka biranen biyu suna da jami'a. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da ficewar ƙasar daga ECOWAS sun ƙara wahala, amma sun ƙara yawan labaran da ba mai ɗaukowa. Abin da nake nema a cikin kashi 30 ɗin nan kwas ne mai maki, da kasafinsa a rubuce, yadda ɗan mai gyaran takalmi zai hau mota ɗaya da ɗan kwamishina. Asusun TETFund ya daɗe yana biya wa malamai kuɗin zuwa taro a ƙasashen waje. Kuɗin tikitin jirgi da otal na mutum ɗaya zuwa Turai zai kai aji guda Maraɗi ya dawo da su. Sannan a yi musaya, ɗaliban Akra da Yamai su zo su yi rahoto a kan Kano, mu ma a duba mu da idon baƙo.

Kafin a watsa komai na sa suka tura wa kowane wanda aka yi hira da shi abin da aka rubuta daga bakinsa ta WhatsApp, ba don ya sauya ra'ayi ba, don ya gyara kuskure in akwai. Uwar kicin ta gyara ranar shigowar buhunan shinkafa. Malamin kimiyya ya nemi a cire sunan darasinsa daga rahoton rediyo don kada a gane shi, aka cire. Mai koko ta turo saƙon murya ta ce a ƙara cewa ɗanta mai gyaran babur shi ke biyan kuɗin motar ƙanwarsa.

Da hutu ya zo, 'yar Haɗeja ta tafi makarantar 'yan mata ta gwamnati da ita kanta ta gama, da littafinta mai gida uku. Shugabar ta ce sai ta kawo takarda daga sama. Ta rubuta takardar, ta kai, kuma kafin amsa ta fito ta zauna da masu dafa abinci, ta bi iyaye uku har gida, ta tsaya a bakin taga ta ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa a aji ɗaya. Rahoton da ta kawo mini yana da shafi shida, kuma a gefen kowane adadi ta rubuta inda ta samo shi.